FASHIN BAƘI: Me doka ta tanadar wa ma'aikacin da ya rasa aiki a Najeriya, kuma zai ishe shi?

A ƙasashe da dama, muhawarar da ake yi game da wanda ya rasa aikinsa ita ce ko kuɗin da hukuma ke ba shi duk wata sun kai su riƙe shi da iyalinsa kafin ya sami wani aikin. A Najeriya ba a kai ga wannan muhawara ba tukuna, domin kuɗin ma babu su. Babu dokar da ta wajabta wa gwamnati ko wata hukuma ta riƙa biyan ma'aikaci alawus na wata-wata saboda an rufe masana'antarsu ko an rage ma'aikata a ofishinsu.

Abin da ma'aikacin Najeriya zai iya dogara da shi ranar da aka miƙa masa takardar sallama bai wuce abu uku ba: wa'adin da doka ta ce a ba shi kafin a sallame shi, da kuɗin sallama idan an yi yarjejeniya a kansu, sai kuma kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara a asusun fanshonsa. Na ukun shi ne mafi tabbas, shi ne kuma mutane da yawa ke ɗauka a matsayin alawus ɗin rashin aiki. Amma idan aka ɗora shi a sikeli, za a ga kuɗin ma'aikacin ne da kansa, ba ya zuwa sai bayan wata huɗu, kuma matasa ne ke samun mafi ƙanƙanta daga ciki.

Batun ya ƙara nauyi tun daga 2023. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na shekarar, darajar naira ta faɗi daga kusan 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A tsakanin nan manyan kamfanoni irin su GlaxoSmithKline da Procter & Gamble suka sanar da sauya tsarin kasuwancinsu a ƙasar zuwa shigo da kaya daga waje. Duk lokacin da irin wannan ya faru, akwai gidajen da albashi ke tsayawa cak alhali kuɗin haya da na makaranta ba su tsaya ba.

Mene ne alawus ɗin rashin aiki?

Tsari ne na inshora. Yayin da mutum ke aiki, ana cire wani ɗan ƙaramin kaso daga albashinsa, mai aikin ma ya ƙara nasa, a zuba a asusu ɗaya na ma'aikata baki ɗaya. Wanda duk ya rasa aiki ba da laifinsa ba, sai a riƙa ba shi wani kaso na tsohon albashinsa daga wannan asusu na wani ƙayyadadden lokaci, bisa sharaɗin yana neman wani aikin. Hikimar ita ce ba kowa ne ke rasa aiki a lokaci guda ba, don haka gudummawar masu aiki da yawa tana iya ɗaukar nauyin 'yan kaɗan da suka faɗa cikin halin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Birtaniya ce ta fara wajabta irin wannan inshora a matakin ƙasa a 1911, Amurka ta kafa nata tsarin a 1935 bayan mummunan karayar tattalin arzikin da ta jefa miliyoyin mutane cikin zaman kashe wando.

Ya kamata a bambanta wannan da shirye-shiryen da aka saba gani a Najeriya. N-Power, wanda aka fara a 2016, ya riƙa bai wa matasan da suka gama karatu naira 30,000 a wata su yi aikin wucin-gadi. Shirin ɗaukar mutum 774,000, wato dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, ya biya naira 20,000 a wata na tsawon wata uku. A Oktoban 2023 gwamnati ta sanar da raba naira 25,000 a wata na wata uku ga magidanta miliyan 15. Duk waɗannan tallafi ne da gwamnati ke bayarwa idan ta ga dama, ta zaɓi wanda za ta ba, ta kuma dakatar idan ta so, kamar yadda aka dakatar da N-Power a 2023. Wanda ba a sa sunansa ba, ba shi da hurumin kai ƙara. Alawus ɗin rashin aiki kuwa haƙƙi ne da mutum ya biya kuɗinsa tun yana aiki.

Da wane ma'auni ake cewa ya wadatar?

Tambayoyi huɗu ake yi wa kowane tsari: su wa ya shafa, nawa yake biya, yaushe kuɗin ke fara zuwa, kuma tsawon wane lokaci ake biya.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta sa alƙaluma a kan waɗannan tambayoyi. Yarjejeniyarta mai lamba 102 ta 1952 ta ce mafi ƙarancin abin da za a bai wa magidanci mai mata da 'ya'ya biyu shi ne kashi 45 cikin 100 na tsohon albashinsa, na aƙalla mako 13 a cikin shekara. Yarjejeniya mai lamba 168 ta 1988 ta ɗaga ma'aunin zuwa kashi 50 cikin 100, na tsawon mako 26. Dukkansu sun amince a yi ɗan jira kafin a fara biya, amma kada jiran ya wuce kwana bakwai.

Wannan batu na lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Makonnin farko bayan rasa aiki su ne ke yanke hukuncin abin da zai biyo baya. A cikinsu ne magidanci ke sayar da babur ko fili da araha, ya ci bashi mai ruwa, ya cire yaro daga makaranta. Kuɗin da suka zo bayan an yi duk wannan sun zama ihu bayan hari.

Abin da tsarin mulki ya ce

Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai manta da batun ba. Sashe na 16(2)(d) ya umarci gwamnati ta tsara manufofinta ta yadda kowane ɗan ƙasa zai sami muhalli da abinci da albashin da zai iya rayuwa da shi, da kulawa a lokacin tsufa, da kuma tallafi idan ya rasa aiki ko ya yi rashin lafiya. An ambaci rashin aiki da sunansa.

Sai dai wannan sashe yana cikin Babi na Biyu ne, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna sauraron ƙarar da ke neman a tilasta wa gwamnati aiwatar da abin da ke cikin wannan babi. Ma'ana, alƙawari ne da aka rubuta, aka kuma rubuta cewa ba za a iya bin sa a kotu ba. Hanya ɗaya da zai zama haƙƙi ita ce Majalisar Tarayya ta yi masa doka ta musamman, kamar yadda ta yi wa fansho da mafi ƙarancin albashi.

Wasu kan ɗauka hukumar NSITF ce ke da wannan alhaki, tunda sunanta ya ƙunshi inshorar jama'a. Babban aikinta a yau shi ne aiwatar da Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, inda masu ɗaukar aiki ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansu. Wannan kuɗi na wanda ya ji rauni ne a bakin aiki, ko ya kamu da cuta sanadiyyar aikin, ko ya rasu. Wanda aka sallama da ƙoshin lafiyarsa ba ya ciki.

Dokar Ƙwadago: wa'adi da kuɗin sallama

Dokar Ƙwadago, wadda asalinta dokar soja ce ta shekarun 1970, ta ƙayyade wa'adin da za a bai wa ma'aikaci a sashe na 11. Wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka, kwana ɗaya. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Wanda ya kai shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Mai aiki na iya biyan albashin wannan wa'adi a madadin jiran. Wato mutumin da ya yi shekara ashirin yana yi wa kamfani hidima, abin da doka ta tabbatar masa shi ne albashin wata ɗaya, sai fa idan takardar ɗaukarsa aiki ta tanadi fiye da haka.

Sashe na 20 ya yi magana kan rage ma'aikata. Ya ce mai aiki ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, ya bi ƙa'idar wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita, tare da la'akari da ƙwarewa da cancanta, sannan ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasantawa kan kuɗin sallama. Dokar ba ta faɗi adadi ba. Ta dai bai wa ministan ƙwadago ikon yin ƙa'idojin da za su wajabta biyan kuɗin. A Kenya, doka ta yanke albashin kwana 15 a kan kowace shekarar aiki. A Afirka ta Kudu, albashin mako ɗaya ne a kan kowace shekara. A Najeriya abin ya dogara ne da ƙarfin ƙungiyar ma'aikata da kuma tausayin mai kamfani.

Akwai wasu giɓi biyu da suka fi shafar matasa. Na farko, ƙa'idar wanda ya shigo ƙarshe shi zai fara fita tana nufin sababbin ma'aikata ne a sahun gaba idan za a yi kora. Na biyu, ma'anar “ma'aikaci” a sashe na 91 na dokar ta ware masu aikin gudanarwa da na shugabanci da ƙwararru masu sana'ar ilimi. Yawancin waɗanda suka fito daga jami'a suka kama aikin ofis, abin da ke kare su shi ne abin da aka rubuta a takardar ɗaukarsu aiki, da kuma hukunce-hukuncen Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa matsayinta.

Lissafin kashi 25 cikin 100

Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikaci zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa a asusun fanshonsa duk wata, mai aiki kuma ya zuba kashi 10. Mafi ƙarancin abin da ake lissafawa shi ne albashin asali da kuɗin gida da na sufuri. Sashe na 7(2) ya ce wanda ya rabu da aikinsa, bai kai shekara 50 ba, kuma ya yi wata huɗu bai sami wani ba, zai iya neman abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun ba. A dokar 2004 jiran wata shida ne, aka rage shi.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ake lissafa masa fansho a kan naira 100,000 a wata. Abin da ke shiga asusunsa naira 18,000 ne duk wata, wato 216,000 a shekara. Idan aka sallame shi bayan shekara ɗaya, rubu'in wannan kuɗi naira 54,000 ne. Bayan shekara uku, asusun ya kai 648,000, zai sami 162,000. Bayan shekara goma, ya kai 2,160,000, zai sami 540,000. Wannan lissafi bai haɗa da ribar da kamfanin fansho ya juya masa ba, ya kuma ɗauka albashinsa bai taɓa yin ƙasa da haka ba a baya.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne kowace shekarar aiki tana sama wa mutum abin da ya ɗan haura rabin albashin wata ɗaya. Ma'aunin ILO na 1988, rabin albashi na wata shida, zai kama naira 300,000 ga wannan ma'aikaci. Sai ya yi kimanin shekara biyar da rabi yana aiki kafin rubu'in asusunsa ya kai haka. Wanda ya yi shekara uku kuwa, idan aka raba 162,000 ɗinsa a kan wata huɗun da ya riga ya yi yana jira, ya tashi da naira 40,500 a wata, ƙasa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa hannu a kansa a Yulin 2024. Kafin kuɗin su shigo hannunsa, bashin da ya ci ya riga ya cinye su.

Mai karɓar mafi ƙarancin albashin kansa, ko da an lissafa masa fansho a kan dukkan naira 70,000, bayan shekara biyu abin da zai iya cira naira 75,600 ne. Albashin wata ɗaya ke nan da 'yan canji.

Da babu gara ba daɗi, kuma babu shakka waɗannan kuɗi sun fitar da gidaje da yawa daga kunya. Amma akwai abin da ke bayan cire su. A tsarin inshora, wanda ya rasa aiki yana cin gajiyar asusun jama'a ne, tanadin tsufansa yana nan ba a taɓa ba. A nan kuwa mutum yana ɗibar abin da ya ajiye wa kansa ne na lokacin da ƙarfi zai ƙare, tamkar manomin da yunwar bazara ta sa ya ci irin shuka. Matashin da ya cire rubu'in asusunsa yana da shekara 30 ya yi asarar ribar da kuɗin za su tara a shekara ashirin masu zuwa. Kuma sau ɗaya ake ba da wannan dama; idan ya sake rasa aiki nan gaba, sauran kuɗin sai ya cika shekara 50.

Duk wannan ma sai idan mai aikin ya zuba kuɗin. Doka ta ce a tura su cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, ta kuma sa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata ga wanda ya ƙi. Duk da haka, Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta daɗe tana amfani da wakilai na musamman wajen ƙwato kuɗin da wasu kamfanoni suka cire daga albashi suka riƙe. Kamfanin da ke dab da durƙushewa shi ne ya fi yiwuwa ya daina turawa, kuma ma'aikatansa ne za su fi buƙatar kuɗin.

Su wa aka bari a waje?

Waɗanda suka yi rajistar asusun fansho sun haura miliyan 10, dukiyar da ke ciki kuma ta wuce naira tiriliyan 20 a 2024. Adadi ne mai yawa, amma ƙasar tana da mutane fiye da miliyan 200. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna yi ne a ɓangaren da ba shi da rajista ko takardar ɗaukar aiki: manoma, 'yan kasuwa, direbobin a-daidaita-sahu, masu ɗinki, leburori, yaran shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa. Yaron shagon da maigidansa ya karye ba shi da wa'adi, ba shi da kuɗin sallama, ba shi da asusun da zai cira.

A kamfanoni masu zaman kansu, dokar fansho ta fi ƙarfi ne a kan masu ma'aikata 15 zuwa sama. An ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho a 2019 don masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa, amma shiga cikinsa ganin dama ne. Jihohi da dama ba su aiwatar da tsarin fansho na haɗaka gaba ɗaya ba. Akwai kuma ma'aikatan kwantiragi da wani kamfani ke ɗauka ya tura su aiki a bankuna da masana'antu, waɗanda sau da yawa yarjejeniyoyin da ƙungiyoyin ƙwadago ke ƙullawa ba sa kaiwa gare su.

Wannan ne ma ke bayyana wani abu da ya ɗaure wa mutane kai. NBS ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020. A 2023 ta sauya hanyar ƙidaya zuwa wadda ILO ke amfani da ita, inda duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ake lissafa shi mai aiki. Adadin ya koma kashi 4.1 a zangon farko na 2023. Ba ayyuka ne suka ƙaru ba. A ƙasar da babu mai biyan mutum idan ya zauna, kusan babu wanda zai iya zama. Tsohon ma'aikacin banki da ya koma sana'ar POS, ko injiniyan da ke haya da motarsa, duk masu aiki ne a ƙidaya. Ƙarancin adadin yana nuna rashin madogara ne fiye da yalwar aiki.

Darasin Kakuri

Arewa ta san kuɗin wannan giɓi da idonta. Masaƙar Kaduna, KTL, da aka kafa a Kakuri a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002. Wasu masaƙun birnin sun bi sahu a shekarun da suka biyo baya, haka ma masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna zanga-zanga da koke kan haƙƙoƙinsu na sallama, wasunsu sun rasu suna jira, duk da cewa masaƙar tana da alaƙa da gwamnatocin jihohin Arewa 19.

Ma'aikatan kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, da ya daina aiki a 2003, sai a 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da sakin kimanin naira biliyan 22, wato rabin abin da suke bi. Shekara 15 ke nan.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne kuɗin sallama bashi ne a kan mai aikin da ya riga ya faɗi. Idan babu asusu mai zaman kansa da aka tara tun lokacin da abubuwa ke tafiya daidai, ma'aikaci yakan shiga layi ɗaya da sauran masu bin kamfanin bashi.

Aikin gwamnati ma ba tudun-mun-tsira ba ne. A 2017 gwamnatin Kaduna ƙarƙashin Nasir El-Rufa'i ta sanar cewa malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka sallame su. A 2021 sallamar dubban ma'aikatan ƙananan hukumomin jihar ta kai ga yajin aikin gargaɗi da NLC ta jagoranta a watan Mayu. Ko mutum yana goyon bayan waɗannan matakai ko yana adawa da su, tambayar abin da dubban magidanta za su ci a watannin da suka biyo baya tana nan, kuma babu tsarin ƙasa da ya amsa ta.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Jamus, ma'aikaci da mai aiki suna raba gudummawar kashi 2.6 cikin 100 na albashi. Wanda ya rasa aiki yana samun kashi 60 na abin da yake komawa gida da shi, ko kashi 67 idan yana da 'ya'ya, har zuwa shekara ɗaya, manya a shekaru kuma har zuwa shekara biyu. A Amurka yawancin jihohi suna biya har mako 26, kuma a lokacin annobar korona a 2020 gwamnatin tarayya ta ƙara dala 600 a mako a kan abin da jihohi ke bayarwa. Ta iya yin haka ne cikin gaggawa saboda hanyar biyan tana nan tun da. Najeriya kuwa a lokacin sai da ta buɗe sabuwar rajista domin tallafa wa ƙananan kamfanoni su biya albashi na 'yan watanni.

Misalin da ya fi kusa shi ne Afirka ta Kudu. Asusun UIF yana karɓar kashi 1 cikin 100 daga ma'aikaci, kashi 1 daga mai aiki. Yana biyan tsakanin kashi 38 zuwa 60 na albashi, kuma mai ƙaramin albashi ne ke samun kaso mafi girma. Tun 2003 aka shigar da 'yan aikin gida cikin tsarin. Wanda ya ajiye aiki don raɗin kansa ba ya samu. Asusun ya sha suka kan jinkiri da almundahana, musamman a lokacin korona, amma ya nuna cewa kashi 2 cikin 100 na iya kafa madogara a ƙasar Afirka.

Chile ta bi wata hanya a 2002: kowane ma'aikaci yana da asusun kansa na rashin aiki, dabam da na fansho, sannan akwai asusun haɗin gwiwa da ke cike wa wanda nasa bai kai ba. Wannan fasali ya yi kama da tsarin asusun fansho da Najeriya ta riga ta gina.

Hujjojin masu ɗari-ɗari

Masu shakku suna da hujjoji da ba za a yi watsi da su ba. Masu kamfanoni za su ce sun riga suna biyan kashi 10 na fansho da kashi 1 na NSITF da wasu kuɗaɗe, ƙarin wani nauyi zai sa su rage ɗaukar aiki ko su koma ɗaukar 'yan kwantiragi. Wasu za su ce a ƙasar da kusan kowa ke da wata sana'ar gefe, da wuya a tantance wanda ba ya aiki da gaske. Wasu kuma za su ce tsarin zai amfani 'yan tsirarun masu albashi ne kawai, alhali talaucin ya fi tsanani a ƙauyuka.

Hujja mafi nauyi ita ce ta amana. A Nuwamban 2021 kotu ta yanke wa Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, ɗaurin shekara takwas kan halatta kuɗin haram da suka kai kimanin naira biliyan biyu. Ma'aikacin da ya ga haka yana da dalilin ƙin yarda a sake cire masa ko sisi.

Sai dai kowace hujja tana nuna yadda ya kamata a gina tsarin ne. Ƙayyade wa'adin biya da rage adadin a hankali suna magance fargabar cewa mutane za su daina neman aiki. Tsarin fansho na yanzu, inda kamfanin da ke juya kuɗi dabam yake da wanda ke ajiye su, ya nuna ana iya nisanta kuɗin ma'aikata daga hannun jami'an gwamnati. Batun cewa masu albashi kaɗan ne kuwa, a Arewa albashi ɗaya yakan riƙe gida fiye da ɗaya: iyaye a ƙauye, ƙanne a makaranta, marayun ɗan'uwa. Idan ya tsaya, zumuncin da ake sa ran zai tallafi mai shi, shi ma ya rasa ginshiƙinsa.

Abin da za a iya gyarawa

Wasu gyare-gyaren ba sa buƙatar sabuwar hukuma. Ministan ƙwadago yana da ikon yanke mafi ƙarancin kuɗin sallama a ƙarƙashin sashe na 20. Majalisa na iya rage jiran wata huɗu, ta kuma faɗaɗa ma'anar “ma'aikaci” domin ta haɗa da masu aikin ofis da na kwantiragi. Ana iya wajabta wa kamfanoni ajiye kuɗin sallama a asusun da ba zai nutse tare da su ba. Inshorar rashin aiki ta gaskiya, ko da ta wata uku ce a farko, ita ce ke buƙatar sabuwar doka da yarjejeniya tsakanin gwamnati da NLC da TUC da ƙungiyar masu ɗaukar aiki ta NECA.

Kafin a kai can, akwai abin da ma'aikaci zai yi wa kansa tun yana kan aiki. Ya riƙa duba bayanan asusun fanshonsa domin ya tabbatar ana zuba kuɗin duk wata, ya kai ƙorafi ga PenCom idan ba a yi. Ya adana takardar ɗaukarsa aiki, ya san abin da ta ce kan wa'adi da sallama. Idan rabuwa ta zo, ya nemi takardar sallama a rubuce, domin ita ce kamfanin fansho zai fara tambaya, kuma kada ya sa hannu a kan takardar da ke cewa an biya shi komai sai ya ga lissafin. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron irin wannan ƙara.

Shekara da shekaru gwagwarmayar ƙwadago a Najeriya ta fi karkata ga abin da za a biya wanda ke kan aiki. 'Yan takara kuma kowane zaɓe alƙawarin samar da miliyoyin ayyuka suke yi. Matasan da za su je rumfunan zaɓe suna da tambayar da ta fi sauƙin bibiya, da za su iya yi wa duk mai neman kujerar majalisa: shin zai kawo ƙudirin da zai mayar da sashe na 16(2)(d) doka, nawa za a biya wanda ya rasa aiki, kuma a wace rana kuɗin farko za su shiga hannunsa?